Aski da Shiga: Abin da Ake Karantawa Kafin Mu Buɗe Baki

 

Maganarmu ta yau ta taso ne daga wani abu da ya faru a ikilisiyar da muke hidima. Wata uwa daga Zumuntar Mata ta buga mana sallama da sassafe, ko karin kumallo ba mu yi ba. Ɗanta ya gama jami'a, ya karanta aikin akanta, ya yi bautar ƙasa, ga shi shekara biyu yana yawo da takardu. Wani banki ya kira shi, ya ci jarrabawar rubutu da kyau, aka ce ya zo a gana da shi baki da baki. Ya tafi da gashinsa na dada har kafaɗa, da ɗan kunne a kunne guda. Ba wanda ya ce uffan a kan gashin. Sun yi masa tambaya uku, suka ce za su neme shi, har yau shiru. Uwar ta ce, "Baba Fasto, ka yi masa magana, ni na gaji." Da muka kira yaron, wanda shi ne mai kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙanmu, sai ya ce, "Baba, takardata suke so ko gashina? Da gashi ake lissafi?"

Tambayar tana da nauyi, ba kuwa a gidan nan kaɗai ake yin ta ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu zauna mu duba ta tare.

Mai ɗaukar ma'aikata yana da mutum ɗari a bakin ƙofa, gurbi kuwa biyu ne ko uku. Bai san halin kowa a cikinsu ba, ba shi kuma da lokacin da zai zauna da su har ya sani. Sai ya koma ga abin da ido ya ba shi. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, mai ɗaukar aiki kuwa yakan tambayi har da aski da takalmi. Abin da yake nema ya gane shi ne, wannan zai bi dokar wurin nan? In na sa shi a gaban masu ajiyar kuɗi, tsofaffi da 'yan kasuwa, za su saki jiki da shi? Sau da yawa amsar da ido ya ba shi kuskure ce. Mun sha ganin ɓarawo cikin kwat da nakatayi, mun kuma ga amintacce cikin tsumma. Amma kuskure ko daidai, haka mutane suke karanta juna, mu ma da ke wannan magana haka muke yi in baƙo ya shigo majami'a.

Abin lura kuma, ma'anar da ake ba shiga ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Ku dubi fuskokin kakanninmu. A zamaninsu tsagar fuska ita ce shaidar cewa kai ɗan gida ne, ana dubanka a san garinku da zuriyarku, wanda ba shi da ita shi ne bare. Yau Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta shekarar 2003 ta hana a yi wa yaro tsaga ko zane a jiki, yaron da ya shiga makaranta da tsaga kuwa shi ne 'yan ajinsu za su tsokana. Tsagar ba ta canza ba, idon masu kallo ne ya canza. Haka iyayenmu da suka fara sa wando da kwat a ƙauye aka yi musu dariya, aka ce sun zama Turawa. Don haka idan muka ce wata shiga baƙuwa ce, ma'anarsa baƙuwa ce a wurin nan, a lokacin nan, ga mutanen nan.

Sai dai kuɗin da ake biya a kan baƙuwar shiga ba na wasa ba ne, kuma bai kamata mu ɓoye wa matasanmu shi ba. A watan Oktoba na 2020 matasan Nijeriya suka fito zanga-zanga a kan rundunar 'yan sanda ta SARS. Cikin manyan koke-kokensu akwai cewa ana tare saurayi a hanya saboda gashin dada, ko zane a jiki, ko waya mai tsada, a ɗauke shi ɗan damfara tun kafin a tambayi sunansa. A ranar 11 ga watan aka sanar da rushe rundunar. A Gana, a shekarar 2021, makarantar Achimota, wadda take cikin manyan makarantun ƙasar, ta ƙi karɓar wasu yara biyu da suka ci jarrabawar shiga, sai in sun aske gashinsu. Yaran 'yan gidan Rasta ne, gashin kuwa na addininsu ne. Magana ta kai kotu, a ƙarshen watan Mayu na shekarar Babbar Kotu a Accra ta ce a karɓe su. A Amurka ma, a 2010, wani kamfani a jihar Alabama ya ɗauki wata baƙar fata aikin amsa waya, sa'an nan ya janye aikin da ta ƙi yanke gashinta na dada. Hukumar gwamnati mai kula da adalci wajen ɗaukar aiki ta kai ƙara a madadinta, amma a 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta ba kamfanin gaskiya. Sai a 2019 jihar Kalifoniya ta kafa dokar hana nuna bambanci saboda irin gashi da kitso, daga baya jihohi fiye da 20 suka bi sawu.

A nan dole mu raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai wanda ake hukuntawa saboda yadda Allah ya halicce shi, ko saboda bangaskiyarsa. Macen da aka ce gashinta na haihuwa bai dace da ofis ba sai ta miƙar da shi da mai ya zama kamar na Baturiya, zalunci aka yi mata, kada mu kira shi da wani suna. Akwai kuma wanda shi da kansa ya zaɓi ya fita dabam, ya rina kansa ja ko kore, ya huda hanci, ya zazzago wando har ƙasan ƙugu. Wannan yana da 'yancin yin haka, ba mu ce zunubi ne kai tsaye ba. Amma zaɓi ne, kowane zaɓi kuwa da kuɗinsa.

Saurayin namu ya kawo wata hujja, wadda muka san matasa da yawa suna riƙe da ita. Ya ce, "Baba, ai manyan masu kuɗin duniya ba sa sa kwat." Gaskiyarsa. A watan Mayu na 2012, lokacin da kamfanin Facebook zai fara sayar da hannun jari, shugabansa Mark Zuckerberg ya je gaban manyan masu zuba jari na New York cikin rigar sanyi mai haɗe da hula, irin ta 'yan makaranta. Wasu sun yi gunaguni, suka ce raini ne da yarinta. Duk da haka aka sayi hannun jarin, aka yi wa kamfanin kuɗi sama da dala biliyan 100. A nan gida kuma dattawa za su tuna da Tai Solarin, wanda ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne a 1956. Gajeren wando na kaki da 'yar riga su ne shigarsa, da su yake zuwa gaban manya, a 1989 gwamnati ta naɗa shi shugaban Bankin Jama'a bai sauya ba. Shi ba mai bi ba ne, bai kuma ɓoye haka ba, amma ba wanda ya taɓa cewa gajeren wandonsa ya rage masa daraja.

To, me ya sa su aka ƙyale su, ɗanmu kuwa aka ce za a neme shi? Wani masanin halayyar jama'a ɗan Amurka, Edwin Hollander, ya yi bayanin wannan a 1958. Ya ce kowace ƙungiya tana buɗe wa mutum wata irin ajiya. Duk lokacin da ya nuna ya iya aiki, ya kuma nuna yana tare da jama'a, ajiyarsa tana ƙaruwa. In ta taru, yana iya cirewa daga ciki ya yi abin da ya saba wa al'ada, a yi shiru, wani lokaci ma a yaba masa. Wanda bai tara kome ba kuwa, ranar da ya kauce ranar za a juya masa baya. Mu da muka saba da cin bashi a kanti mun san wannan ba sai an kai mu makaranta ba. Mai kanti yakan ba tsohon abokin cinikinsa buhun shinkafa ya ce kawo kuɗin ƙarshen wata, amma baƙon da ya sauka jiya ko ashana ba zai ba shi bashi ba. Zuckerberg ya shiga ɗakin nan da kamfani mai ɗaruruwan miliyoyin masu amfani da shi, su ne suke bukatarsa. Solarin ya riga ya yi shekara talatin yana fitar da ɗalibai. Ɗanmu kuwa ya shiga da takarda guda, irin wadda mutum casa'in da tara na bayansa suke riƙe da ita. Kama da wane ba ta wane. Abin baƙin ciki a ciki shi ne, wanda ya fi bukatar aikin shi ne ba shi da ajiyar da zai kashe, ɗan talaka kuwa ya fi ɗan mai kuɗi shan wannan wahala, gama ɗan mai kuɗi ana cin ajiyar ubansa ne a yafe masa.

Irin aikin ma yana da nasa. Mai waƙa, da mai zane, da ɗan ƙwallo, da mai rubuta manhajar kwamfuta a ɗakinsa, ba a cika damuwa da kansu ba, wani lokaci baƙuwar shigar ma talla ce. Banki, da kotu, da asibiti, da aikin soja, da aji na koyarwa, wurare ne da amanar jama'a take a gaba, saboda haka suna da tsanani. Wanda ya karanta aikin akanta ya riga ya zaɓi layin da ake son mutum ya yi kama da wanda ba zai ba ka mamaki ba.

Yanzu bari mu buɗe Littafi Mai Tsarki, gama bai yi shiru a kan wannan ba, kuma bai tsaya gefe ɗaya kamar yadda iyaye ko yara za su so ba.

Mu fara da Yusufu. Yana ɗan shekara 17 ubansa ya ɗinka masa riga ta musamman wadda ta bambanta shi da 'yan'uwansa, mun kuwa san inda rigar ta kai shi, cikin rijiya. Bayan shekara 13, ranar da aka aiko daga fada a fito da shi daga kurkuku, Farawa sura 41 ta gaya mana ya yi aski ya sake tufafi kafin ya tsaya gaban Fir'auna. Ibraniyawa masu barin gemu ne, Masarawa kuwa masu aski ne, kamar yadda zane-zanensu na dā suke nunawa. Yusufu ya shiga fada da kamannin da fada za ta iya saurara. Amma da ya buɗe baki bai ɓoye kome ba, ya gaya wa sarkin da mutanensa suke ɗauka kamar allah cewa fassarar mafarki daga wurin Allah take. Gemunsa ya bari a wurin wanzami, shaidarsa ya shiga da ita.

Daniyel ma haka. A Babila aka sauya masa suna, aka sa shi makarantar Kaldiyawa shekara uku, ya koyi harshensu da littattafansu, bai yi gardama ba. Da aka zo kan abincin sarki sai ya ja layi. Ku lura kuma da yadda ya ja shi. Bai kifar da akushi ba, roƙo ya yi a gwada su kwana goma da ganye da ruwa, a duba. Bayan shekaru, da aka hana addu'a, ya buɗe tagarsa ya durƙusa, ya yarda a jefa shi ramin zakoki. Mutum ne da ya san abin da zai saki da abin da zai mutu a kai, bai kuwa ɓata ƙarfinsa a kan na farkon ba.

Amma kada iyaye su yi saurin tafi. Yahaya Mai Baftisma yana nan, da rigar gashin raƙumi da ɗamarar fata, yana cin fara da zuma a jeji. Da ya zo ƙofar majami'armu ran Lahadi, muna shakka ko masu tsaron ƙofa za su kai shi kujerar gaba. Ishaya ya yi shekara uku yana yawo ba takalmi bisa ga umarnin Allah. Littafin Ƙidaya sura 6 ya kafa doka cewa keɓaɓɓe ga Allah kada aska ta taɓa kansa duk kwanakin wa'adinsa, wato akwai lokacin da tara gashi shi ne alamar tsarki. Ubangijinmu da kansa ya nuna, a Matiyu sura 11, cewa mutanen zamaninsa sun ga Yahaya ba ya ci ba ya sha suka ce mai aljan ne, suka ga shi yana ci yana sha suka ce mai haɗama ne. Wanda ya sa ransa ga gamsar da kowa ba zai gama ba. Sai dai baƙuwar shigar Yahaya wa'azi ce, tana nuna wani, ba shi ba, kuma ya biya kuɗinta bai yi ƙorafi ba. Bai sa gashin raƙumi ya tafi neman aiki a fadar Hirudus ba.

A ɗaya gefen ga Absalom ɗan Dawuda, wanda yakan aske kansa sau ɗaya a shekara ya auna gashin, shekel 200, wato fiye da kilo 2 bisa ga lissafin masana. Mutumin da yake auna gashinsa ya riga ya gaya mana wanda gashin yake yi wa wa'azi.

Wurin da ya fi taimakonmu a wannan magana shi ne yadda Manzo Bulus ya yi da samari biyu da suke aiki tare da shi. Timoti, uwarsa Bayahudiya ce, ubansa Bahelene. Ayyukan Manzanni sura 16 ta ce Bulus ya yi masa kaciya saboda Yahudawan wuraren da za su bi, don kada a rufe musu ƙofa a kan abin da ba shi ne bishara ba. Titus kuwa Bahelene ne, da wasu suka nace sai an yi masa kaciya, Bulus ya ƙi sam, kamar yadda ya faɗa a Galatiyawa sura 2, gama a nan an mai da kaciya sharaɗin ceto. Abu ɗaya, manzo ɗaya, amsa biyu. Abin da ya duba shi ne, me wannan alama take faɗa a wurin nan, me kuma za a rasa in an yarda.

A tarihin masu bishara ma akwai misali. Hudson Taylor ya sauka Shanghai a ƙasar Sin a 1854 yana ɗan shekara 21. Ya ga in ya shiga ƙauye da baƙar kwat ta Ingila, kwat ɗin ake kallo, ba a jin maganarsa. A 1855 ya aske gaban kansa, ya rina sauran gashin baƙi, ya sa doguwar jelar kitso irin ta mazan Sin na lokacin, ya sa tufafinsu. Turawan Shanghai, har da wasu 'yan'uwansa masu bishara, suka mai da shi abin dariya, suka ce ya zubar da mutuncin Bature. A idon nasa mutanen shi ne mai baƙuwar shiga, a idon waɗanda ya je dominsu kuwa ya daina zama dodo. A 1865 ya kafa ƙungiyar kai bishara cikin ƙasar Sin, ya kuma sa ma'aikatanta su yi irin wannan shiga.

Wannan ne muka shimfiɗa wa ɗanmu. Ba mu ce masa gashin dada zunubi ne ba, gama ba mu sami ayar da ta ce haka ba, ba kuwa za mu ƙirƙiro ta don mu faranta wa uwarsa rai ba. Muka tambaye shi, "Ɗana, gashin nan wa'adi ne tsakaninka da Allah, ko ado ne?" Ya yi dariya ya ce ado ne, tun yana aji biyu a jami'a ya ga ya yi masa kyau. Muka ce to, ka san kuɗinsa yanzu. In ka ga ya kai ka biya, ka riƙe shi, ka nemi aiki inda ba a damu ba, kada kuma ka zargi kowa. In bai kai ba, wanzami yana bakin kasuwa, gashi kuma yana sake tsirowa. Ranar da aka san aikinka, aka san ba a samun kuskure a littafinka, za ka ga abubuwa da yawa da za a ƙyale ka da su.

Muna da magana kuma ga namu mutanen da Allah ya ɗora a kujerar ɗaukar ma'aikata, da shugabannin makarantu, da dattawan ikilisiya. Sama'ila annabi ne, duk da haka da ya ga tsayin Eliyab da kyansa ya ɗauka ya sami sarki, sai da Allah ya tsawata masa ya nuna masa cewa shi zuciya yake dubawa. Wanda aka zaɓa yana can jeji yana warin tumaki. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta kira shi zunubi a ba mai zoben zinariya wuri mai kyau a ce wa mai tsumma ya tsaya can. In wurin aikinku yana da dokar shiga, ku rubuta ta a takardar kira, kowa ya sani tun daga gida. Abin da ya fi ci wa yaron nan rai shi ne ba wanda ya gaya masa gaskiya, aka bar shi wata uku yana duba waya. Mu kuma a majami'a, mun san samari nawa suka daina zuwa sujada saboda kallon da aka yi musu a bakin ƙofa? Wasu dattawanmu sun so a cire yaron nan daga cikin mawaƙa tun bara. Muka tambaya ko an taɓa kama shi da maye, ko da ƙarya, ko ya taɓa fashin koyon waƙa. Aka ce a'a. Majalisa ta bar shi da jitarsa.

Bayan mako biyu ya zo sujada da kai a aske, ba ɗan kunne. Uwarsa ta ba da baiko na godiya a ranar, sauran matasa kuwa suka yi ta tsokanarsa wai ya zama sabon soja. Ya sake zuwa ganawa a wurare biyu tun daga lokacin. Har zuwa ranar da muke wannan magana bai sami aiki ba tukuna, gama masu nema suna da yawa, aski kuma ba takardar ɗaukar aiki ba ne. A yanzu shi yake taimakon ma'ajin ikilisiya da littafin kuɗi, a cikin wata guda kuwa ya gano kuskuren lissafi da ya yi shekara biyu yana ba mu ciwon kai. In akwai wani a cikinku da ya san inda ake neman akanta, sai ya sanar da sakataren ikilisiya bayan sujada.